Shingen Arba'in da Ɗaya

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe goma na safe

Sun fara yi wa tashar jirgin ƙasa fenti. Daga tagar kicin ina hango su, mutum uku a kan tsani, suna rufe baƙin hayaƙin da ya daɗe a bango. An kawo bencina shida, ko ledarsu ba a cire ba. Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyata, matar mai kula da sigina, ta ce shekara goma sha tara ke nan rabon layin nan da ɗaukar ɗan Adam. Siminti da taki, taki da siminti. Yanzu an ce ranar ashirin da huɗu ga wata jirgin fasinja zai dawo.

Tun da na ji nake murna kamar don ni aka yi. A littattafan soyayya da nake karantawa rabin abin daɗi a tasha yake faruwa: a rabu, a yi kuka, wani ya biyo jirgi da gudu yana kiran suna. Ni wata goma sha huɗu ina zaune a bakin tasha, abin da na taɓa gani ya bi jirgi da gudu kare ne.

Na faɗa wa mijina, Direbana, haka da safe yana ɗaure takalmi. Ya ce, "Malama, Allah ya shirye ki. Duk fasinjan da ya biyo jirgina da gudu, tara za a ci shi." Ya yi dariya. Ta yaƙe ce, na san ta.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

An manna takarda a allon sanarwa. Maman 'Yan Biyu ta haddace ta, ta zo ta zazzage min.

An ɗauke jirgin kaya daga layinmu gaba ɗaya. Direbobin kaya su shida ne, kowa za a gwada shi sau uku. Wanda ya ci ko da sau ɗaya ne ya zama direban fasinja, ya zauna a gidansa. Wanda ya faɗi duka ukun, za a tura shi ma'ajiyar jirage da ke ƙarshen layin ma'adinai, tafiyar yini guda, inda maza huɗu ke kwana a ɗaki ɗaya, ba a kuma zuwa da mata. Gidan kwatas sai a ba wani.

Wato ɗakin nan, da tagar nan, da labulen da na ɗinka da hannuna. Wato in koma gidan surukata in riƙa ganinsa kwana huɗu a wata uku.

Mai gwajin wani tsoho ne da aka turo daga hedkwata. Ba ya zama kusa da direba. Can tarago na ƙarshe yake tafiya, ya cika kofin gilashi da ruwa saura kaɗan, ya ɗora a kan tebur, ya naɗe hannu. In ruwa ya zuba, direba ya faɗi. Har sun raɗa masa suna Mai Kofi.

Na ce, "Yallaɓai, wannan ai wasan yara ne a wurinka. Shekara goma sha ɗaya kana tuƙi."

Ya ce, "Siminti nake ja. Siminti bai taɓa kai ƙarata ba."

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe shida na safe

Gwajin farko. Na goge masa riga sau biyu, ya ce ai ba rigar za a gwada ba.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Ya zuba.

Ya ce ba komai, saura biyu. Na ce a ina? Ya ce a hanya. Ya tafi bakin famfo ya daɗe yana wanke hannu.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Maman 'Yan Biyu ta shigo aron rariya, alhali tana da guda biyu. Ta tsaya tana juya ta a hannu.

"Ke 'yar nan, ya faɗa miki inda ruwan ya zube?"

Na ce, "Ya ce a hanya."

Ta ce, "To ai Arba'in da Ɗaya ma a hanya take."

Arba'in da Ɗaya, inda titin mota ya ratsa layin dogo, kilomita arba'in da ɗaya daga nan. Ba shinge, ba mai gadi, sai wani allo da ya yi tsatsa. Wata takwas ke nan da hatsarin da jirginsa ya yi a wurin. Ba zan rubuta ba. Kwamiti ya zauna ya ce ba laifinsa, tarago ashirin da biyu cike da siminti ba sa tsayawa don an roƙe su. Aka ba shi hutun kwana uku, ya koma aiki. Abin da na sani, ranar ya sauko ya taka da ƙafa tun daga kan jirgi har tarago na goma sha bakwai, ya dawo gida babu rigarsa ta sama. Ban tambayi inda ya bar ta ba.

Ta ce mijinta ya ce duk ma'aikata sun sani, tun daga lokacin in ya kusa wurin sai ya finciki birki. Da kaya ba wanda ya damu, buhu ba ya faɗowa daga kujera.

Ta tafi ta manta rariyar.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ni na kawo dabara. Na aro baro, na ɗora faranti a ciki, na ɗora kofi cike da ruwa, na ce ya tura daga ƙofar kicin zuwa igiyar shanya, ni ce Mai Kofi. Na ɗaura tawul a ka, na tsuke fuska, na naɗe hannu.

Ya ce, "Malama, wannan a wane littafi kika gani?"

Na ce, "Direba, ba a magana da mai gwaji."

Ya tura. Na ce tasha! Ya tsaya. Na ce tashi! Ya tashi. Sau goma sha biyu, a kan tsakuwa, ko ɗigo bai zuba ba. Maman 'Yan Biyu ta leƙo ta katanga tana cewa a ba ta tikiti, ita ma za ta je igiyar shanya, ta daɗe ba ta yi tafiya ba. Ya yi dariya ta gaske har ya zauna a ƙasa.

Da muka shiga ɗaki na ga abin da na yi. Na nuna mana mu biyu cewa hannunsa lafiya lau yake. A tsakar gidanmu babu Arba'in da Ɗaya.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe uku na rana

Yau ya kira ni Malama sau huɗu. Na ƙirga.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ya zuba. Wannan karon har da kofin.

Wata mata ce da laima, tana tsaye can nesa da layi tana jiran jirgi ya wuce, ba ta ma motsa ba. Ya danne birki gaba ɗaya. Mai Kofi ya bugi kujerar gabansa, leɓensa ya fashe. Ba daga bakin Direbana na ji ba. Shi abin da ya ce, ba komai, saura ɗaya.

Ba komai. Ba komai. Na tsani kalmar nan.

Su huɗu sun riga sun ci, har da Dogo wanda kowa ya san ba ya iya tsayar da jirgi daidai dandamali. Matarsa ta wuce ta ƙofarmu ɗazu tana gaishe ni da muryar ta'aziyya, idonta na kan labulena.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe tara na safe

Surukata ta kira. Ta ce in kwantar da hankalina, ɗakin baya yana nan, za ta sa a kwashe buhunan da ke ciki. Ta ce ai mace ba ta rasa wurin zama. Ta faɗa da kyakkyawar niyya. Na yi godiya sau uku, na kashe waya, na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni ta katanga.

Ba ɗakin baya nake tsoro ba. Ina tsoron ya kwana cikin maza uku da ba su san cewa in ya yi shiru da yawa sai an taɓa kafaɗarsa ba.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na kasa girki. Na ɗauki wani tsohon littafina da bangonsa ya cire, na buɗe tsakiya. Akwai wata da aka kori mijinta daga aiki a kan kuskure, ta zauna ta rubuta wa maigidansa wasiƙa, ta faɗi gaskiya duka, ba ta ɓoye komai ba. Mutumin nan mai zuciyar dutse ya karanta, ya cire tabarau ya share hawaye. Na karanta wurin ya fi sau ashirin tun ina gidanmu.

Mai Kofi ba mugu ba ne. Jiya na gan shi yana ba kuliyar tasha ɓawon burodi, da leɓensa a kumbure. Bai san Direbana ba ne kawai. Ruwa ya sani, da kofi. Da ya san irin zuciyar da ke riƙe da birkin nan, da ya san cewa tausayi ne ya yi masa yawa.

Ina da takarda mai kyau, wadda na ajiye tun kafin aure.

Jumma'a, 14 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na yi. Shafi huɗu.

Na same shi a rumfar mai shayi a bayan tasha, shi kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi ko matar wa ce ni, na miƙa masa ambulan. Bai karɓa nan take ba. Ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, "'Yata, mijinki ya san da wannan?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "To ki saurare ni. Yanzu takarda ce a hannunki, kina iya komawa da ita ki hura wuta. In na karanta, ba zan iya cewa ban karanta ba. Kin gane?"

Na ce na gane. Wallahi na ɗauka irin maganar da suke yi ce kafin zuciyarsu ta yi laushi. Na ce, "Ka karanta, Baba, don Allah." Ya karɓa da hannu biyu, ya sa a aljihu, ya ce Allah ya yi min albarka. Bai ƙarasa shayinsa ba.

Na dawo gida ina jin kamar in yi waƙa.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na wanke labule. Na share har bayan gado. Ina ta kallon Direbana ina murmushi, ya ce yau kuma wane ne ya auri wa a littafin.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe takwas na safe

An aiko ya je ofishin shugaban tasha. Gwajin sai gobe ne. Me ya sa yau?

Litinin, ƙarfe goma sha biyu na rana

Bai dawo ba.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Ya Allah.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe goma na safe

Zan rubuta yadda ya faru.

Ya shigo jiya wajen ƙarfe uku. Bai yi sallama ba. Ya zauna a bakin gado da takalminsa, ya fito da takardu huɗu daga aljihu, kwafi ne, an buga musu hatimi a sama. Rubutuna. Har da furen da na zana a gefen shafi na farko ya fito.

Ya karanta layi ɗaya kawai, a hankali, kamar mai koyon karatu. "Mijina mutum ne mai taushin zuciya, har ya gaya min in ya iso wurin yakan rufe idonsa ya ƙirga biyar don kada ya sake gani."

Ya ce, "A ɗakin nan na faɗa miki. A kan gadon nan."

Na ce, "Yallaɓai, don ya tausaya maka ne."

Ya ce, "Direban da ke rufe ido. Kin rubuta, kin sa hannu, kin sa kwanan wata."

An soke gwaji na uku. An karɓe makullin jirgi daga hannunsa. Gobe zai ga likitan ma'aikata, daga nan sai abin da hedkwata ta ce. Wasiƙata tana cikin fayil ɗinsa, kuma abin da ya shiga fayil ba ya fita.

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Ya ninke takardun ya ajiye a kan littattafaina, ya fita.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Na ajiye masa abinci. Ya shigo da burodi a leda ya ci a tsaye.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Maman 'Yan Biyu ba ta yi aron komai ba yau. Ta shigo ta rufe ƙofa.

"Ke wace irin yarinya ce? Wa ya aike ki? Ba ki da baki ki tambaye ni?"

Na ce ban san abin da zan yi ba ne.

Ta ce, "Sai ki yi abin da muke yi, ki yi shiru! Kin san an riga an gama magana? Mijina da shugaban tasha da tsohon nan sun shirya, gwaji na uku ta sama za a bi, wajen gada, inda ba a ratsa Arba'in da Ɗaya. Ba wanda ya furta, kowa ya gane. Haka mutanen layi suke rufa wa juna asiri tun kafin a haife ki. Da jiya ya ci. Da yanzu kina soya nama."

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce to me ya sa ba wanda ya faɗa min?

Ta ce, "Don abin da ake faɗa ya zama magana, abin da aka rubuta ya zama shari'a." Sai ta ga fuskata, ta ja ni jikinta, tana cewa yi haƙuri, yi haƙuri, shashashar banza, yi haƙuri.

Da ya ci. Da ya ci. Da ya ci.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Burodi.

Jumma'a, 21 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na haɗu da Mai Kofi a bakin famfon tasha. Na so in kauce, ya kira ni.

Na ce, "Baba, ka ce Allah ya yi min albarka, sannan ka kai mu ofis."

Ya ce, "Na faɗa miki tun kafin in karɓa." Ya taɓa leɓensa. "Na so in taimake shi, gaskiya ne. Na ɗauka hannu ne yake saurin tsorata, wannan lokaci yana gyara shi. Ban san da maganar ido ba. Tarago shida, 'yata, mutum ɗari uku, da masu goyo. Da na ba shi, da ni da shi ba mu ƙara barci mai daɗi ba."

Na ce, "Wato daidai na yi?"

Ya ce, "Ban ce ba. Na ce kin yi."

Na dawo da wannan. Ban san a wane aljihu zan sa shi ba.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe uku na rana

Kwana biyar bai kira ni Malama ba. Bai kira ni komai ba. In yana son wucewa sai ya tsaya har in matsa.

Na ɗauko kwali daga kanti na fara haɗa kaya don kada ranar ta zo ina kuka a gaban matar Dogo. Na ce zan ƙona littattafan. Na fitar da su tsakar gida, na zauna kusa da su da ashana, sai ga ni ina karanta na saman. Har babi uku. Kunya ta kama ni, na mayar da su ciki. Su ba su aike ni ba.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ya zauna a bayan gida tun safe yana kallon layi. Na tsaya a bayansa, na ɗaga hannu zan taɓa kafaɗarsa. Na kasa.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

An buɗe.

Tutoci, lasifika, manya a kujerun gaba, jawabi a kan jawabi. An cire wa bencina leda. Jirgin shuɗi ne da fari, tagoginsa suna ƙyalli, Dogo ne a gaba da sabuwar hula, yana ɗaga hannu kamar shi ya ƙera. Wata tsohuwa ta shiga da jaka uku tana kuka, wai a jirgin nan aka kawo ta garin tana budurwa. Har wani ya makara ya biyo shi da gudu yana ihu, aka tsaya aka ɗauke shi, kowa na tafi.

Duk abin da na roƙa na gani. Ta tagar kicin, ina riƙe da labulen da zan cire.

Direbana bai fita ba. Da jirgin ya yi kuka zai tashi, na ji shi daga ɗaki yana cewa, shi kaɗai, "Saki a hankali, Dogo. A hankali." Har yanzu so yake abin ya yi kyau.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Takardar hedkwata ta zo, a bakin Maman 'Yan Biyu na ji. Ba a kore shi ba. Likita ya ce shekara guda ba zai hau kan jirgi ba, sannan a sake dubawa. Gidan nan dai ya tafi, ƙarshen wata. An ba shi zaɓi biyu, zuwa Alhamis.

Ko ya tafi ma'ajiyar ƙarshen layi ya riƙa duba taragu a ƙasa. Maza huɗu a ɗaki.

Ko kuma. Dokar jirgin fasinja ta ce duk inda titi ya ratsa layi sai an sa shinge da mai gadi. An gina ɗaki ɗaya da kicin a Arba'in da Ɗaya, an kafa shingen ƙarfe, an rasa mai zuwa. Mai gadin yana iya zama da iyalinsa.

Na ce, "Wane marar imani ne ya rubuta masa wannan?"

Ta ce, "Wurin da ya rage ke nan, 'yar nan."

Mutumin da ba ya iya kallon wurin na ƙirga biyar, a ce ya kwana ya tashi a can. Ba zai zaɓa ba. Ko ni ba zan so ya zaɓa ba. Zai tafi ƙarshen layi, kuma zai tafi yana fushi da ni, kuma wata uku suna da tsawo.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na kira surukata na ce a kwashe buhunan.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Ya fita tun safe, ya shiga jirgin fasinja da tikiti kamar kowa. Ya dawo takalminsa duk jar ƙasa.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Ina naɗe kofuna a tsohuwar jarida ya shigo ya tsaya a ƙofar kicin.

Ya ce, "Na sa hannu."

Na ce, "Allah ya sa alheri. Yaushe za ka tafi? In haɗa maka bargo, an ce can akwai sanyi."

Ya ce, "Arba'in da Ɗaya na ɗauka."

Kofi ya kusa suɓuce min. Na ce, "Yallaɓai, in don ni ne, kada ka yi. Na yi maka isasshe."

Ya ce, "Ba don ke ba ne." Ya faɗa ba tare da ya sassauta ba. "Jiya na je na tsaya a wurin. Awa uku. Yara 'yan makaranta suna tsallakawa, da masu babur, da wata mai tura keken guragu. Dogo ya wuce da gudu sau biyu, ba wanda ya tsayar da kowa. A kan jirgi ba abin da zan iya sai in gani. A ƙasa ina da shinge."

Na ajiye kofin.

Ya ce, "Ɗaki ɗaya ne. Ba maƙwabta, ba kanti, ruwa sai an ɗebo. Ban kuma huce ba, kada ki ɗauka na huce. Ban san ranar da zan ƙara faɗa miki wani abu a kan gado ba. In kin fi son gidan Inna, ba zan ga laifinki ba."

Na ce, "Akwai taga?"

Ya ce akwai, guda ɗaya, tana kallon layi.

Na ce, "To a auna min ita."

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mun iso. A jirgin fasinja muka zo da kayanmu, tafiyata ta farko a jirgi tun da aka haife ni. Ban ga komai ba, shi nake kallo. Maman 'Yan Biyu ta raka mu har dandamali tana yi min faɗa a kan in riƙa rufe bakina da alƙalamina, sannan ta tura min rariyarta a jaka, ta juya da sauri.

Ɗakin yana warin sabon siminti. Da muka shiga ya shaƙa, ya ce, "Kai ma ka biyo ni?" Da simintin yake, ba da ni ba, amma na yi dariya, bai hana ni ba.

Akwai wani wuri can gaba da shinge, kusa da tsohon allon, inda ba ya takawa. Yana zagayewa. Ni ma na fara zagayewa.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Ranarsa ta farko. Jirgin safe yana wucewa bakwai da kwata. Doka ta ce a rufe shinge saura minti uku. Shi tun saura minti takwas ya sauke, ya tsaya a tsakiya da jar tuta, ƙafafunsa a buɗe.

Titi ya cika. Motoci suna ta hon. Wani mai babur da kaya a baya ya zo har jikin shingen yana ihu.

"Kai malam, ina jirgin? Jirgin ubanka ne za mu jira tun asuba? Ɗaga mana mu wuce, ko ƙurarsa ba a gani!"

"Sai ya wuce."

"Sabon mahaukaci aka kawo mana!"

"Na ji. Sai ya wuce."

Wani ya so ya sunkuya ta ƙasa, ya kama masa riga ya dawo da shi baya kamar ɗan akuya. Suka zage shi, suka zagi kakanninsa, wata mata ta ce Allah ya isa ta makara kasuwa. Sannan ƙasa ta fara rawa, jirgin ya zo ya wuce, tarago shida, fuskoki a kowace taga. Ina tsaye a ƙofa ina kallon fuskarsa. Ban san abin da ya gani ba, ba kuma zan tambaya ba, ba kuma zan rubuta ba.

Ya ɗaga shinge. Mai babur ɗin ya wuce yana waiwaye yana ƙara masa.

Ya dawo ya jingina tuta a bango, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce, "Kin ji zagi?"

Na ce, "Na ji. Har kakanni."

Ya ce, "Mai rai ke zagi."

Ya zauna a bakin ƙofa. Can ya matsa gefe kaɗan, ya bar wurin mutum ɗaya.